Darasin Lafiya: Hawan Jinin Ido da Awon da Ke Gano Shi da Wuri

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a ikilisiyoyin Ikara, Makarfi da Kudan, mukan tarar da dattawan da ganinsu ya tafi, ga ido garau babu yana. Sau da yawa sanadin shi ne gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido.

Mene ne wannan ciwo?
Mu dubi igiyar guga. Zare da yawa aka tufka, in suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, guga na ci gaba da ɗebo ruwa, har ranar da igiyar ta katse. Haka jijiyar gani take. Tana da zare fiye da miliyan 1 masu kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ruwan cikin ido bai fita yadda ya kamata ba, yakan danne zaren ya kashe su a hankali. Yawanci babu zafi. Ganin gefe ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum ba ya lura. Zaren da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin 'yan Najeriya 100 masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 5 suna da ciwon, kuma fiye da 9 cikin 10 nasu ba su sani ba. Bayan yanar ido, shi ne ya fi makantar da mutane.

Awon da ake yi
Likita yakan auna ƙarfin ruwan ido, wanda ya saba zama tsakanin 10 da 21. Amma wani nasa yana daidai, jijiyar kuma tana lalacewa. Domin haka ake auna kaurin shimfiɗar jijiya da ke can bayan ido da na'urar OCT, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1991. Haske take haskawa, babu allura, babu yanka, cikin 'yan mintoci an gama. Kaurin mai lafiya kusan kashi 1 cikin 10 na milimita ne. In ya fara raguwa, likita zai gani tun mai ido bai ji komai ba, ya fara ba shi maganin ɗigawa, ko ya yi aiki, domin a tsare ganin da ya rage.

Abin da za mu yi
1. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba idonsa, musamman in akwai mai ciwon a danginsa.
2. Akwai likitocin ido a Asibitin Koyarwa na Shika, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Mu roƙi a duba jijiyar, ba tabarau kaɗai ba.
3. Kada mu sayi maganin ɗigawa ba da izinin likita ba. Wasu suna ƙara ƙarfin ruwan ido.
4. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.
5. Zumuntar mata da ta maza su ware wani abu bayan sayar da rake da tumatir, domin kuɗin motar marasa ƙarfi.

Domin tattaunawa
Su wane ne a unguwarmu, Kirista ko Musulmi, ya kamata mu raka asibiti kafin damina ta kama mu?

Ubangiji ya kiyaye mana ganinmu. Amin.