Amsoshin Tambayoyinku: Wane Dutsen Guga Zan Saya?

Tambaya: Ina zaune a Maamobi, a Gana. Dutsen gugata ya ƙona wa maigida shaddarsa ta sallah, ya bar mata tabo a kafaɗa. Zan sayi wani, amma na rasa wanda zan ɗauka: mai tururi, ko mai nauyi irin na teloli, ko kuwa in koma wa na gawayi? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya kuma huci zuciyar maigida.

Galibi abin da ke ƙona tufa shi ne zafin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. A cikin yawancin duwatsun lantarki akwai ɗan ƙarfen da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita, ya mayar idan ya sauka. Shi ne kike jin ya yi "ƙas" fitila ta mutu. Idan ƙasan dutsen siriri ne, nan da nan yake zarce iyaka, nan da nan kuma ya huce, sai ki yi ta dannawa kina jira, can wuta ta dawo da ƙarfi hannunki na kan kafaɗar riga. Mai kaurin ƙasa kuwa a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali yake saki. Shi ya sa idan kika leƙa shagon tela a Nima, za ki tarar da tsohon dutse mai nauyi, marar ramuka, hannunsa duk ya goge. 

Don haka idan kin je kasuwar Zongo Lane ko Makola, ɗaga dutsen ki ji nauyinsa kafin ki tambayi kuɗi. Ki sa mai shago ya jona, ki saita shi a ƙasa-ƙasa, ki tsaya har fitilar ta mutu ta sake kamawa da kanta. Wanda bai yanke ba, ki ajiye musu abinsu komai kyansa.

Ɗige-ɗigen da ke jikin maɓallin suna da ma'ana: ɗaya kusan digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Auduga zalla, irin atamfar GTP ko ATL, tana jure uku. Leshi da yadin da aka gauraya da roba, ɗaya ko biyu. Shadda mai kyau irin Getzner auduga ce, amma sheƙinta ba ya son ruwa da zafi kai tsaye, shi ya sa a Kano masu bugu suke fito da shi da katako. A gida, juya ta bai-bai, ko ki shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Idan an sa sitaci, ki rage wuta, domin sau da yawa shi ne ke soyuwa ya bar jan tabo, ya kuma manne a ƙasan dutse.

Mai tururi yana da daɗi ga rigunan makaranta. Sai dai ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara farin gari a ramukansa, wata rana ya tofa shi kan farar riga. Ni dai ga mai yawan shadda ba na ba da shawararsa.

Ki kula da na gwanjo. Wutar Gana volt 230 ce, ta Amurka 120, kuma dutsen da aka yi don Amurka zai ƙone a soket ɗinki. Adadin yana rubuce a jikinsa. Mai wat 1000 ya wadatar, kuma ko ya yi awa guda bai yanke ba, yunit ɗaya zai ci a mitar kamfanin wuta na ECG.

Na gawayi kuwa kada ki yar da shi idan kina da shi. Waɗanda suka ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 sun san amfaninsa. Ki bari garwashin ya nuna sosai, ki hure tokar, ki kulle murfin da kyau, sannan ki fara gwada shi kan tsumma kafin ya taɓa kayan maigida.