Ƙaramar Hukuma Taka Ce: Darasi Daga Giade

Mulkin ƙasar nan hawa uku ne, watau Gwamnatin Tarayya, da gwamnatocin jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Kusan kowa ya san sunan Shugaban Ƙasa da na gwamnan jiharsu. Amma in ka tambayi mutum ko nawa ne ya shiga baitulmalin ƙaramar hukumarsu a watan jiya, sai ya yi shiru. Ga shi kuwa ita ce ke da alhakin kasuwar da yake ci, da magudanar ruwan ƙofar gidansa, har da maƙabartar da za a kai shi ranar da ta Allah ta kasance.

Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya san ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, da inda kuɗinta ke fitowa, da hanyar da zai bi ya nemi haƙƙinsa. Za mu yi misali da Ƙaramar Hukumar Giade ta Jihar Bauchi, amma abin da za mu faɗa ya shafi kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya.

Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma

A zamanin Turawa, Giade tana ƙarƙashin En'en Katagum, wadda aka mayar da hedkwatarta Azare a 1916. En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokanta, da kotunan alƙalai, da gidan yari. Umarni yakan taso daga fadar Sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, daga dagaci zuwa ga mai unguwa. Haraji da jangali kuwa su bi wannan hanya su hau sama. Talaka yana biya, amma ba kasafai ake jin ta bakinsa game da yadda za a kashe kuɗin ba.

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa tsarin gyaran fuska. Aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ko'ina cikin ƙasa, aka ba su matsayin hawa na uku na gwamnati, aka kuma yanka musu kaso daga kuɗin Tarayya. Sarakuna suka zama iyayen ƙasa masu ba da shawara, gudanar da ayyuka kuwa ya koma hannun majalisar ƙaramar hukuma.

A wancan tsari, mutanen Giade suna cikin Ƙaramar Hukumar Shira, wadda hedkwatarta ke Yana. Sai a 1996, sa'ad da aka ƙara yawan ƙananan hukumomi daga 589 zuwa 774, Giade ta samu tata, ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 156,969, akasarinsu manoma da makiyaya, a garuruwa irin su Giade da Isawa da Doguwa da Zabi. Dalilin wannan rabo shi ne a kusanto da gwamnati ga jama'a. Amma kusancin sakatariya ba shi da amfani in mutane ba su san abin da za su nema a cikinta ba.

Ayyukan Da Doka Ta Ɗora Mata

Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na Huɗu. Kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne ayyukan da suke nata. Daga cikinsu akwai gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bayan gida na jama'a, da kula da su. Akwai gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan titi, da kwashe shara, da kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu. Akwai sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da ba da lasin kekuna da amalanke da kwale-kwale, da sa ido a kan kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi.

Kashi na biyu su ne ayyukan da take yi tare da gwamnatin jiha, watau ilmin firamare da na manya da koyar da sana'a, da bunƙasa aikin gona, da kiwon lafiya. Don haka makarantar firamaren ƙauyenku da ƙaramin asibitin mazaɓarku suna da iyaye biyu, kuma kowannensu ana iya tambayarsa.

Akwai kuma wani iko da manoma da yawa ba su san da shi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen da ba na birni ba. Tana iya ba da fili har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. A ƙasa irin ta Giade, inda gona da burtali ke maƙwabtaka, takarda a hannu takan kashe rigimar da in babu ita sai 'ya'ya da jikoki su gada.

Lalle ne kuma a san abin da ba nata ba ne. 'Yan sanda da manyan hanyoyin Tarayya, irin wadda ta taso daga Kano ta bi ta Azare zuwa Maiduguri, na Gwamnatin Tarayya ne. Babban asibiti kuwa na jiha ne. Wanda ya kai kukansa inda ba a da maganinsa, wahalar banza ya yi.

Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Hanya ta farko, kuma mafi girma, ita ce Asusun Tarayya, wanda ake rabawa kowane wata. Bayan an fitar da kason jihohi masu arzikin mai, daga kowace naira 100 da ta rage Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi su ɗauki naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi su raba naira 20 da kwabo 60. Haka nan suna da kashi 35 cikin 100 na harajin sayen kaya da ake kira bat. Waɗannan alƙaluma ba asiri ba ne, gama Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga rahoton rabon.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, kamar kuɗin rumfa, da na tashar mota, da na mahauta, da na lasin. Nan ne talaka ke da iko a hannunsa. Duk kuɗin da ka biya ba tare da rasit ba, babu tabbacin zai isa wurin ma'aji. Sai ka wayi gari ka biya sau biyu: ka biya a bakin kasuwa, ka sake biya da laka da ƙazanta, tun da ba a sami abin gyara kasuwar ba. Saboda haka kada ka ji nauyin neman rasit, ko da na naira 50 ne.

Kaso mai yawa na kuɗin ƙaramar hukuma yana tafiya ne wajen albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya. Abin da ya saura shi ne na rijiya da kwalbati da rumfunan kasuwa. Tun da ba shi da yawa, wajibi ne a san inda kowane kwabo ya shiga.

Hukuncin Kotun Ƙoli Na 2024

Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanada. An daɗe ana kukan cewa a jihohi da dama ba dukan kuɗin ke isa inda aka nufa ba, kuma akan naɗa kantomomin riƙo a maimakon a yi zaɓe.

Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai ƙarar jihohi 36 a kan wannan al'amari. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa 'yan riƙo. Sashe na 7 na Tsarin Mulki dama ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. A watan Agusta na wannan shekara Jihar Bauchi ta yi nata zaɓen.

Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da gardama. Amma ko da an aiwatar da shi sarai, kotu ba za ta zo Giade ta duba ko an haƙa rijiyar da aka rubuta a kasafin kuɗi ba. Wannan aikin mutanen Giade ne. Kuɗin da ya iso gida babu mai sa ido a kansa, bai fi tsira daga ɓarna ba a kan wanda ya maƙale a hanya.

Abin Da Damunar 2024 Ta Koya Mana

A damunar 2024 ambaliyar ruwa ta yi ɓarna a arewacin Jihar Bauchi, har da Giade da Shira da Katagum. Gidaje sun rushe, gonaki sun nutse, hanyoyi sun yanke. Ruwan sama ikon Allah ne, kuma irin wannan babbar ambaliya ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ita kaɗai. Duk da haka, akwai ɓarnar da rigakafi ke ragewa. Yashe magudana kafin faɗuwar damuna aikin ƙaramar hukuma ne. Hana gini a kan hanyar ruwa yana bukatar haɗin kan hukuma da masu unguwanni. Daina zuba shara a lambatu kuwa aikin kowane magidanci ne. In kowa ya jira wani, ruwa ba ya jiran kowa.

Yadda Za Ku Kai Kukanku

A ce kwalbatin da ya haɗa ƙauyenku da kasuwa ya karye. Ga hanyar da ta kamata ku bi.

Da farko ku taru, maza da mata, tare da mai unguwa ko dagaci, ku tsai da magana a kan bukata guda. Takardar da ta jera bukatu goma ba a cika biyan ko ɗaya ba.

Na biyu, ku rubuta takarda zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma ta hannun kansilan mazaɓarku. Ku faɗi wurin, da irin lalacewar, da yawan ƙauyukan da abin ya shafa. Ku sa kwanan wata, ku sa hannu ko ku dangwala, ku kuma ajiye kwafe wanda aka buga wa hatimin karɓa.

Na uku, ku kai takardar kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake shirya kasafin kuɗi. Aikin da bai shiga kasafi ba da wuya a yi shi.

Na huɗu, ku faɗi abin da ku kanku za ku iya bayarwa, ko yashi, ko dutse, ko aikin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hukuma takan fi saurin tallafa wa masu taimakon kai da kai.

Na biyar, in aka ba da kwangilar, ku nemi sanin wanda aka ba da kuɗin da aka ware, ku kuma sa ido har a gama. In an yi shiru, ku koma cikin ladabi da kwafenku a hannu. In shirun ya yi tsawo, ku sanar da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Ranar zaɓe kuma, duk wanda ya kai shekara 18 ya fito da katinsa ya saka wa kowa gwargwadon aikinsa.

Kansila ba ubangidanku ba ne, ɗan aikenku ne. Ku ma kuna da naku nauyin: ku biya abin da doka ta ce, ku yi wa jarirai rajistar haihuwa, ku kai su rigakafi, ku sa yara makaranta, ku kuma tsare famfo da azuzuwa kamar yadda kuke tsare rumbunanku. Dukiyar hukuma ba ta marasa gata ba ce, taku ce.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Ƙaramar Hukumar Giade, kuma daga wace ƙaramar hukuma aka fitar da ita?

2. Kawo ayyuka biyar waɗanda suke na ƙaramar hukuma ita kaɗai, da uku da take yi tare da jiha.

3. Daga kowace naira 100 da ake rabawa ta Asusun Tarayya, nawa ne kason ƙananan hukumomi?

4. Me Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli, 2024?

5. Mene ne sunan kansilan mazaɓarku, kuma wace bukata guda ce za ku fara kai masa?