Darasi Ga Masu Rubuta Ƙagaggen Labari: Abin Koyi Daga Zaynab Alkali

Matasan Maiduguri da yawa suna ɗauke da labari a cikinsu. Sun ga tashin hankalin da ya soma a 2009, sun kuma ga ambaliyar madatsar Alau a Satumba 2024. Amma da zarar sun ɗauki alƙalami, sai labarin ya rikiɗe ya zama wa'azi, mutanen ciki kuwa su zama gumaka masu buɗe baki kawai. Akwai magani kusa da gida, a aikin Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Biu, wadda ta daɗe tana koyar da Turanci a Jami'ar Maiduguri. Littafinta The Stillborn ya fito a 1984, ya kuma ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985.

Babban abin lura shi ne kowa a littafin yana da abin da yake so. Li, yarinya mai taurin kai, tana marmarin birni da auren Habu Adams. Yayarta Awa mai biyayya ce, burinta ta zauna a ƙauye tare da mijinta, shugaban makaranta. Ƙawarsu Faku ta bi Garba zuwa birni, ta tarar da kishiya. Buri uku, kowanne ya ci karo da bango nasa dabam: Habu bai zama likitan da ya yi mafarki ba, mijin Awa kuma giya ta cinye shi. Daga wannan karo labari yake tasowa. Marubucin da bai san abin da tauraruwarsa take so ba, da abin da ya tare mata hanya, bai fara ba tukuna, ko da ya cika shafi ɗari.

Marubuciyar ba ta tsaya bayyana cewa Li ba ta jin magana ba. Ta bar ta ta sulale da dare ta ɓarakar danga zuwa wurin rawa, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Nan ne sababbin marubuta suka fi tuntuɓe, watakila don suna tsoron kada a ce sun goyi bayan laifi. Annabi Natan ma bai fara da tsawa ba. Labarin 'yar tunkiyar matalauci ya ba Dauda, sai da sarki ya husata sa'an nan ya nuna masa kansa.

Sai kuma wuri. Wanda zai rubuta labarin Maiduguri ya sa Kasuwar Monday a ciki, da inuwar dogon yaro, da Kanuri da Bura da Hausa suna cuɗanya a bakin 'yan keke Napep. Idan ya gama, ya ajiye rubutun mako biyu, ya karanta wa iyalinsa da babbar murya bayan tuwon dare. Duk inda yara suka fara hamma, ya sa alama ya datse.