Yadda ake taimakon mai jijjiga, da abin da za a faɗa wa likita

Jijjiga ita ce jiki ya sandare, gaɓoɓi su riƙa fizga da ƙarfi ba da son mai su ba, ido ya kafe, wani lokaci kumfa ta fito a baki. Wasu na ce mata taune-taune. Farfaɗiya kuwa sunan ciwo ne, wanda jijjiga ke ta dawowa ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na kusa ba.

Idan ta kama wani a gabanka, fara duba agogo. Mai ruɗewa minti 2 yakan zame masa kamar awa guda. Sai ka janye shi daga murhu, rijiya ko bakin titi, ka ninke zane ka sa masa ƙarƙashin kai, ka sassauta wuyan riga. Kada ka danne shi. Da fizgar ta lafa, juya shi ya kwanta ta gefe don miyau ya zubo waje.

Cokalin nan da ake rige-rigen cusawa a baki, a bar shi a kicin. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin da cokali ke yi shi ne karya haƙori. Haka ɗura ruwa, rubutu ko manja kafin ya farfaɗo sarai, huhu suke wucewa. Kuma miyansa ba ya sa wa kowa ciwo, don haka masu gudu su dawo.

Idan jijjigar ta haura minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a nemi mota a kai shi asibiti. Mai ciki ko mai jego ba a jira ko minti ɗaya, domin yawanci hawan jini ne ya kawo ta, kuma akwai allurarta a asibiti. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 zafin jiki kaɗai na iya jijjiga shi, amma a kai shi a duba maleriya da sanƙarau.

Gaban likita, faɗi abin da idonka ya gani: minti nawa ta yi, duk jiki ne ko ɓari ɗaya, akwai zazzaɓi, ya saki fitsari, wannan ne karon farko. Ka ce jijjiga ya yi. Kalmar farfaɗiya ka bar wa likita, don idan ta manne wa yarinya a unguwa kan zazzaɓin dare ɗaya, har ranar neman aurenta wani zai tuno da ita.