Ƙira da Ilimin Ƙarfe: Abin da Ke Faruwa Cikin Jan Ƙarfe

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a yankin Kadawa, Kura da Bunkure. Shinkafa da tumatir da alkama suna buƙatar lauje da fartanya, maƙeran wannan yanki da na Madobi kuwa su ke samar da su. Yau maƙeri ba ya narka tama. Tsohon sifirin mota da makamantansa yake sarrafawa, wato ƙarfe mai ɗauke da ɗan sinadarin kabon.

Idan aka zuga wuta har ƙarfen ya wuce zafin digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa sukan fara sauya tsarin zamansu. Wannan sabon yanayi masana ke kira ostenait, sunan da aka ciro daga na wani masani ɗan Ingila, Roberts-Austen, wanda ya rasu a 1902. Ostenait yana da laushin sarrafawa, shi ya sa masaba ke cin jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Yana kuma iya shanye kabon har kusan kashi 2 cikin ɗari, alhali ƙarfe mai sanyi abin da yake iya shanyewa bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na wannan ba.

Sai dai ostenait baƙo ne a irin wannan ƙarfe. Da zafi ya ragu, ba ya zama. Gwanintar maƙeri tana ga yadda zai sallami wannan baƙo. In ya bar lauje ya huce a hankali, kabon zai sami sararin warewa, ƙarfen ya fito da taushi, kaifinsa ya dakushe da wuri. In kuwa ya tsoma shi cikin ruwa farat ɗaya, kabon zai maƙale, ostenait ya rikiɗa ya koma matensait, mai tsananin tauri amma mai saurin karyewa. Laujen da ya karye ana tsakiyar yankan shinkafa asara ce ga manomi, kuma zubar da mutunci ne ga wanda ya ƙera shi. Don haka akan sake ɗumama kaifin kaɗan, ana lura da launinsa daga ruwan kara zuwa shuɗi, wato tsakanin digiri 230 da 300, domin rage masa gautsi.

Sifirin mota yana da wani hali na daban. Sinadaran da aka gauraya masa, irin su kuromiyam da manganis, suna jinkirta rushewar ostenait. Saboda haka tsomawa cikin mai ta ishe shi yin tauri, ruwan sanyi kuwa yakan tsaga shi. In aka yawaita manganis, baƙon sai ya zama ɗan gida. A 1882 Robert Hadfield ya haɗa ƙarfe mai manganis kusan kashi 12 cikin ɗari, wanda ostenait ɗinsa ke nan daram ko a cikin sanyi. Da shi ake yin haƙoran injin fasa dutse.

Jinga: Ɗalibi ya ziyarci maƙera mafi kusa, ya tattaro kalmomin da maƙera ke amfani da su wajen tsoma ƙarfe da bayyana launukansa, sannan ya tsara yadda zai koyar da su ga 'yan aji biyar na firamare.