Yadda Ake Tanadin Lissafin Gyaran Sabon Gida don Ranar Haraji

A Amarawa, kamar sauran garuruwan da ke bakin iyakar Illela da Ƙonni, ba kasafai mutum ke sayen gida ya tare a yadda ya same shi ba. Sai an ɗaga katanga, an sake kwano, an fitar da shago ta bakin hanya, wani ma ya haƙa rijiya ko ya ɗora sola. Kuɗin da ke tafiya a watannin farko ba kaɗan ba ne, kuma galibi hannu da hannu ake biyansu, babu rubutu. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan tambaya ko za a rage masa wannan kuɗi daga harajin bana. In gidan zama ne, ba za a rage ba, domin doka ba ta ɗaukar abin da ka kashe wa gidan da kake kwana a matsayin kuɗin neman riba. Amma kuɗin bai salwanta ba. Ana ɗora shi a kan kuɗin sayen gidan, sai ranar da aka sayar a cire shi kafin a lissafa riba. Wanda ya tanadi takarda shi ke cin wannan moriya.

Tun 1967 Najeriya ke da dokar harajin ribar sayar da kadara, kuma an yi shekaru da dama ana karɓar kashi 10 cikin 100. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta sauya lissafin. Yanzu ribar da mutum ya ci a kan kadara ana haɗa ta da sauran kuɗin shigarsa na shekara. Naira 800,000 na farko babu haraji, daga nan a fara da kashi 15, ana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Harajin ɗaiɗaikun mutane kuwa hukumar tattara haraji ta jiha ke karɓarsa, wato ga mutumin Amarawa maganar a Sakkwato take.

Aikin yana farawa ne daga ranar ciniki, kafin a sauke bulo ko ɗaya. A rubuta ainihin kuɗin da aka biya a takardar ciniki. Akwai al'adar rage farashi a rubuce don a sassauta kuɗin rajista, kuma ina ganin babu cutar kai da ta fi wannan. Wanda ya sayi gida miliyan 12 ya rubuta miliyan 7 ya ƙirƙiro wa kansa ribar miliyan 5 da bai taɓa ci ba, kuma za ta jira shi har ranar sayarwa. A haɗa da shaidar la'adar dillali, kuɗin lauya in an sa shi, kuɗin safiyo, harajin buga hatimi a kan takardar ciniki da kuɗin rajista. Duk waɗannan doka ta yarda a lissafa su cikin kuɗin mallakar gida. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin zama a filayen da ba na birni ba, saboda haka sa hannun mai unguwa da shaidu, duk da darajarsa, ba ya wadatarwa. A kai takardar inda ya dace a nemi amincewa, a kuma karɓi rasit.

Sai hoto. Kafin magini ya taɓa komai, zagaya gidan da wayarka ka ɗauki rufi, katanga, ɗakuna, banɗaki da tsakar gida. Amfanin wannan yana fitowa ne a mataki na gaba, wanda shi ne ƙashin bayan lissafin duka.

Doka tana raba aikin gida kashi biyu. Akwai abin da ke ƙara wa gida daraja ko ya sauya kamanninsa: sabon ɗaki, katangar siminti a madadin ta ƙasa, rijiyar burtsatse, sabon banɗaki da raminsa, shago, jawo wuta, tayil a inda da daɓe ne. Wannan shi ake ɗorawa a kan kuɗin saye. Akwai kuma abin da ke riƙe gida a yadda yake, kamar yaɓe kafin damina, fenti kafin salla, toshe yoyo, sauya makulli ko famfon da ya lalace. Wannan hidimar gida ce, ba ta shiga. Inda ake ruɗewa shi ne gyaran farko. Idan ka sayi gida da rahusa saboda rufinsa ya rufta, kuɗin sake rufin ya fi kusa da kuɗin saye, domin ba don lalacewar ba da farashin ya fi haka. Masana haraji kan ɗauki irin wannan a matsayin jari, amma sai ka iya nuna yadda ka sami gidan, kuma hotunan ranar farko su ne shaidarka. Akwai wani sharaɗi da mutane ke mantawa: dole aikin ya kasance yana nan a jikin gidan ranar sayarwa. Rumfar da ka kafa, bayan shekara uku ka rushe ta ka gina ɗaki a wurin, ta fita daga lissafi, ɗakin ne ya shiga. Haka kuma gumin jikinka da aikin gayya ba su da gurbi, tunda abin da ake lissafawa kuɗin da ya fita ne.

Daga nan sai littafi. Sayi littafin rubutu mai bangon kirki ka keɓe shi ga gidan nan kaɗai. Kowane biya ya sami layinsa: kwanan wata, abin da aka saya ko aikin da aka yi, wanda aka biya, da adadin kuɗi. Dilan siminti da mai sayar da rodi da kwano suna da rasit in ka nema. Simintin Kalambaina da sauran kayan gini suna ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5, wanda mai gidan zama ba ya karɓo shi daga gwamnati, don haka farashin da ka biya gaba ɗaya shi za ka rubuta. Matsalar tana wajen birkila, kafinta, lebura da mai kawo yashi, waɗanda ba su yawo da rasit. Rubuta musu da kanka a littafin su sa hannu ko su dangwala yatsa, tare da lambar waya. In da hali a biya ta banki ko ta POS, domin bayanan asusu ba su ɓacewa da sauƙi. Rasit ɗin na'ura yana kodewa cikin zafin ƙasar nan, saboda haka a ɗauke shi hoto tun yana sabo.

Mutumin bakin iyaka yana da ƙarin aiki ɗaya. Wani kayan daga Ƙonni yake zuwa, wani maginin ma daga can yake, kuma da sefa ake biyansa. Hukumar haraji da naira take lissafi, don haka a rubuta adadin sefa, a rubuta canjin ranar, a rubuta abin da ya kama a naira. Duk wanda ya ga yadda canji ya yi tsalle tun daga tsakiyar 2023, da yadda farashi ya hargitse lokacin da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin shekarar, ya san ba za a iya tuno canjin wata rana bayan shekaru ba. Kayan da suka shigo ta hannun kwastan kuwa a ajiye takardarsu tare da sauran.

Ga misali don a ga nauyin abin. A ce an sayi gida miliyan 12, hidimar ciniki ta ci 600,000, ƙarin gini ya ci miliyan 4.4. Bayan shekaru aka sayar miliyan 25, dillali da takardu suka ci 500,000. Mai littafi ribarsa miliyan 7.5 ce. Wanda bai iya nuna ƙarin ginin ba ribarsa a idon hukuma miliyan 11.9 ce. In babu wani kuɗin shiga a shekarar, na farko zai biya naira 1,140,000, na biyu 1,932,000. Bambancin naira 792,000 ne. Abin da ke damuna a tsarin shi ne ba a la'akari da faɗuwar darajar naira. Yawancin wannan miliyan 7.5 ba riba ba ce ta gaskiya, tsadar rayuwa ce ta kumbura farashi, kuma mai gidan ba lallai ya iya sayen irinsa da kuɗin da ya karɓa ba. Tunda doka ba ta sassauta nan ba, bai kamata mutum ya bar ko kwabo daga abin da ta yarda ya cire ba.

Wani zai ce ai gidan zama an yafe masa haraji. Haka ne, ribar sayar da gidan zaman mutum tare da filin da ke manne da shi har eka ɗaya tana da rangwame. Sai dai sabuwar doka ta mayar da wannan rangwame sau ɗaya a rayuwa, kuma filin da ake kasuwanci a kansa ba ya ciki. A garin da mutum kan yi gida biyu, ko ya mayar da gefen gidansa sito ko shago, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan ka fitar da shago, ware masa shafinsa daban a littafin tun daga harsashi.

Gidan haya lissafinsa ya juya. Kuɗin haya kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji, kuma gyaran yau da kullum, wanda ba ya amfanar mai gidan zama, a nan ana cire shi daga kuɗin hayar shekarar da aka yi shi. Ƙarin gini kuwa yana nan a matsayin jari. Wani abin da ke rage wa mai gidan zama harajin shekara kuwa shi ne kuɗin ruwan bashin da ya ci don gina gidan da yake ciki, ko da yake mutanenmu da yawa suna kauce wa irin wannan bashi saboda addini.

Mataki na ƙarshe ajiya ce. Takardar ciniki, rasitai da littafin su zauna cikin leda a akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon damina, hotunansu kuma a tura wa wani ɗan'uwa amintacce ko a ajiye a imel. Ƙa'idar haraji ita ce a riƙe bayanai aƙalla shekara 6, amma takardun gida ana riƙe su muddin gidan yana hannunka, sannan a ƙara waɗannan shekaru bayan an sayar. Ranar sayarwa, kafin ka taɓa kuɗin, ɗauki littafin da takardar sabon ciniki ka je ofishin harajin jiha, ko wurin akanta, a fitar da lissafin a rubuce, a shigar da shi cikin bayanin harajinka na shekara, ka kuma karɓi shaidar biya ko ta rangwame.