Awon Suga a Jini da Halin Aljihun Majinyaci

Kowace shekara, ranar 14 ga Nuwamba, wadda duniya ta keɓe domin ciwon suga, ma'aikatan lafiya kan yi wa jama'a awo kyauta, sai dai abin da ya fi damun likitoci shi ne yadda wanda aka tabbatar yana da ciwon kan koma gida ya jingine awo, ya dogara da yadda yake jin jikinsa.

Awon gida ana yin sa ne da wata 'yar na'ura da ake soka wa siririn tsinke, a ɗiga masa jinin ɗan yatsa, ta nuna lamba nan take. Wanda ya kwana bai ci komai ba, idan lambarsa ta kai miligiram 126 suga ya hau, idan ta gaza 70 kuwa ya faɗi. Na'urar sau ɗaya ake sayenta, amma tsinken ba a maimaita shi, galibi daga waje ake shigo da shi, kowace na'ura da irin nata, kuma tun faɗuwar naira a 2023 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Magidancin da albashinsa bai wuce naira 70,000 ba, yana kuma biyan magani daga aljihunsa, yakan tsinci kansa tsakanin tsinke da mudun gero, kuma gero ne kan yi nasara.

Suga mai yawa kuwa tamkar gara ne a rumbu: mai rumbu yana ganin jinka lafiya, bango lafiya, yana yabon daminar bana, alhali hatsi ya koma ƙasa daga ciki, ba zai farga ba sai ranar da ya zura hannu da bazara. Haka ciwon ke cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa shiru, har ɗan gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Talauci uzuri ne, amma ba ga maigidan da ke da kuɗin anko da na gara a biki, sannan ya ce tsinken awon mahaifiyarsa ya yi tsada ba. Jiki amana ce, kuma za a tambaye shi.

Bayan tsadar tsinke, akwai kuma nisan asibiti ga mutanen karkara, da rashin iya karanta lamba, da zafi mai lalata tsinke, da matan da ke jiran izini da kuɗin mota, da masu ƙin awo a Ramadan don tsoron karyewar azumi, alhali malamai sun bayyana cewa ɗigon jinin yatsa ba ya karya shi.